Darasi Kan Gado: Ma'anar "Per Stirpes" Da Rabon Jikan Da Ubansa Ya Riga Kakansa Rasuwa

A wannan fitowa mun ajiye zancen farashi da na allurar rigakafi, za mu taɓa batun gado, saboda wata takarda da wani ɗan'uwa daga cikinmu ya kawo mana a nan Kaele.

Ga yadda abin yake. Mahaifinsu ya rasu ya bar garke. Babban wansu kuwa ya riga tsohon rasuwa da 'yan shekaru, ya bar yara huɗu. Aka kira malam ya yi rabo, shanu suka tafi hannun 'ya'yan da ke raye, yaran marigayi ba su tashi da ko maraƙi ba. Ashe ɗaya daga cikin yaran nan, wanda ya yi boko mai zurfi, abin bai kwanta masa ba, ya je ya ga lauya. Kwatsam sai ga takarda da Faransanci an kawo wa baffanninsa, a cikinta an rubuta "par souche", a gefe kuma an ƙara wasu kalmomi biyu da ba Faransanci ba, wato "per stirpes". Ɗan'uwanmu ya zo hankali a tashe yana tambaya, shin tara ce aka ci su, ko kuwa sunan wani laifi ne?

To, ba tara ba ce, ba kuma laifi ba ne. Sunan wata hanyar rabon gado ce, kuma ya kamata duk mai garke da iyali ya san ta, don kuwa tana cikin dokar ƙasar da muke zaune.

Kalmomin nan na Latin ne, harshen Rumawan da, wanda har yau lauyoyi ke tsoma baki a cikinsa kamar yadda malamanmu ke yi da Larabci. "Stirps" shi ne gindin itace, wato kututturen da rassa ke fitowa daga jikinsa, jam'insa "stirpes". "Per" kuma na nufin "bisa ga". In an haɗa sai ya zama rabo bisa ga tushe. Faransawa suka fassara shi da "par souche", ma'ana ɗaya ce. Kishiyarsa ita ce "per capita", wato rabo bisa ga kawuna, kowane kai da kasonsa daidai da na ɗan'uwansa, wanda Faransawa ke cewa "par tête". Mu masu shanu wannan ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu, tun da mu ma da kai muke ƙirga, mu ce kai goma, kai hamsin. Kai, har kalmar nan "cheptel" da ma'aikatan dabbobi ke rubutawa a takardunsu in suna nufin dukiyar dabbobi, asalinta daga kalmar "kai" ta Latin ɗin nan ta fito.

A rabon tushe, kowane ɗa da mamaci ya haifa tushe ne guda, ko yana raye ko ya rasu, muddin in ya rasu ya bar zuriya. Sai a kasa dukiya gwargwadon yawan tushen. Wanda ke raye ya ɗauki kasonsa. Wanda ya rasu, 'ya'yansa su tsaya a gurbinsa, su ɗauki abin da zai ɗauka da yana nan, su raba a tsakaninsu. Ko su biyu ne ko su goma, kason ubansu kaɗai za su raba, ba za su taɓa na baffanninsu ba.

Bari mu sa shanu a cikin zancen, don ya fi shiga kai. A ƙaddara wani dattijo ya rasu, bayan an yi masa sutura an biya bashi, shanu 60 suka rage. Iyayensa da matarsa duk sun riga shi. Ya haifi 'ya'ya maza uku, babban ya rasu ya bar maza huɗu. In aka bi tushe, za a kasa uku ne: ɗa na biyu shanu 20, na uku 20, jikoki huɗun nan su raba 20 ɗin ubansu, kowa biyar. In da kawuna za a ƙirga, a haɗa 'ya'ya da jikoki, mutum shida ke nan, kowa goma. In kuwa aka kai wa malamin da ke rabo bisa fiƙihun Malikiyya, wanda shi muke bi a ƙasar nan, zai ba 'ya'ya biyun da ke raye 30-30, jikoki ba su da komai ta hanyar gado. Garke ɗaya, amsa uku. Abin da ya faru a gidan ɗan'uwanmu ke nan.

Kada wani ya yi saurin cewa malam ya yi zalunci. Abin da littafi ya ce ya yi. Duk wanda ya karanta babin rabon gado a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil ya san ƙa'idar: na kusa yana kange na nesa, ɗa namiji yana kange ɗan ɗa, ko da ba shi ya haife shi ba. Hujjar malamai ita ce, babu wanda ke da haƙƙi a cikin dukiyar mutum sai ranar da ya mutu, kuma sharaɗin magaji shi ne ya kasance da rai a wannan rana. Ɗan da ya riga ubansa tafiya bai mallaki komai daga dukiyar uban ba, balle ya bar wa 'ya'yansa. Wannan shi ne abin da mazhabobi huɗu na Sunna suka tafi a kai.

Amma fa a lura, ba kullum ake kange jika ba. Ɗa namiji ne kawai ke kange shi. In dattijon nan 'ya mace guda ya bari tare da 'ya'yan ɗansa marigayi, ita za ta ɗauki rabi, shanu 30, sauran 30 na jikokin ne a matsayinsu na asaba. Haka kuma akwai inda fiƙihu ya fi rabon tushe yi wa gida mai yawan yara daɗi. A ce 'ya'ya biyu ne dattijo ya haifa, dukansu sun riga shi, ɗaya ya bar yaro guda, ɗaya ya bar maza biyar. A rabon tushe yaro gudan nan shi kaɗai zai kora shanu 30, biyar ɗin can kowa ya tashi da shida. A wurin malam kuwa duk jikoki ne masu daraja ɗaya, sai a ƙirga kawuna, kowa goma. Ka ga a nan malam ne ke bin "per capita", dokar boko ke bin tushe.

Wannan gardama ta jika da baffa tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba mu kaɗai ta dama ba. Rumawa sun san rabon tushe tun da daɗewa, Sarkin Rum Justiniyan ya sake tsara shi a dokarsa ta shekarar 543. A ƙasar Jamus, a shekarar 938, zamanin Sarki Otto na Ɗaya, an rasa yadda za a yi da wannan tambaya, sai aka ce a fito da zaratan mayaƙa daga ɓangarori biyu su gwabza, wanda ya yi nasara ra'ayinsa ne gaskiya. Ɓangaren jikoki ya ci. Allah Ya kiyashe mu da irin wannan shari'a. Daga baya Faransa ta sa rabon tushe a cikin kundin dokokinta na 1804, na zamanin Nafoliyon, aka kawo kundin nan Kamaru lokacin mulkin Faransawa, aka kuma ci gaba da aiki da shi bayan samun 'yancin kai a 1960.

Wanda ke da yaro mai karanta Faransanci ya sa shi ya duba masa daga sashe na 739 zuwa na 745 na kundin. A taƙaice abin da suka ƙunsa shi ne: zuriyar mamaci na tsayawa a gurbin iyayensu komai nisan saukowa, daga jika har tattaɓa-kunne, 'ya'yan ɗan'uwa ko 'yar'uwa su ma suna tsayawa a gurbin nasu iyayen in gadon ya koma wajen 'yan'uwa, kaka ba ya tsayawa a gurbin kowa, ba a kuma tsayawa a gurbin mai rai. Sannan kundin bai bambanta mace da namiji ba, bai bambanta babba da ƙarami ba. Saboda haka 'ya'yan 'ya mace da ta rasu su ma tushe ne cikakke, alhali a fiƙihu ba sa cikin masu kaso. Mutum ya bar maza biyu da mace ɗaya da shanu 60, kundin zai ba kowa 20, malam zai ba maza 24-24, mace 12.

Akwai wani ruɗani da muka ji a bakin mutane tun da zancen nan ya fito, gara mu kau da shi. Wasu sun ɗauka rabon tushe shi ne rabo ɗaki-ɗaki, wato a kasa dukiya gwargwadon yawan matan mamaci, ɗakin uwargida kaso guda, ɗakin amarya kaso guda. A'a. Sashe na 745 ya fayyace cewa 'ya'ya daidai suke ko da ba uwa ɗaya ta haife su ba. Tushe a kundin ɗa ne, ba uwar ɗa ba. Rabon ɗaki-ɗaki akwai shi, amma a al'adar Yarbawa, waɗanda fatakenmu masu kai shanu Ikko suka sani. Suna kiransa "idi-igi", wato gindin itace, rabon kawuna kuma "ori-ojori". Akwai shahararriyar shari'ar Dawodu da Danmole, ta wani mutumin Ikko da ya bar 'ya'ya tara daga mata huɗu, wadda ta kai har Ingila a 1962, aka tabbatar da a kasa huɗu. Wancan nasu ne. Ba ya cikin fiƙihu, ba ya cikin kundin da kotunanmu ke aiki da shi.

To wace hanya ce za ta hau kan garkenka ranar da ka kwanta dama? A nan ne gizo ke saƙar. Yawancinmu a gida ake gamawa, malam ya raba a gaban dangi da wakilin lamido ko lawani, kowa ya kora nasa. In ba wanda ya yi ƙorafi, shi ke nan. Amma in akwai kuɗi a banki, ko fili mai takarda, ko mota, dole sai an nemo hukuncin tabbatar da magada daga kotu, wanda ake kira "jugement d'hérédité". Bisa dokar 19 ga Disamba 1969 da ta tsara kotunan gargajiya, kotun da ake kira "tribunal de premier degré" ita ke duba gado bisa al'adar masu shari'a, alƙali na zama da mataimaka waɗanda suka san al'adar. Sai dai ikon wannan kotu ya rataya ne a kan yardar kowane ɓangare. In wanda aka kira ya tashi tun farko, kafin a shiga cikin magana, ya ce bai yarda da ita ba, sai shari'a ta koma babbar kotu, "tribunal de grande instance", ita kuwa da rubutacciyar doka take aiki. Mai ƙara ma yana iya nufar babbar kotun kai tsaye. Wato zaɓen kotu kusan shi ne zaɓen doka. In aka ɗaukaka ƙara daga Kaele, Marwa za a nufa. Mutanen Gidar da Fitowa da Adumri kuwa Garwa. Kowa ya san abin da zirga-zirgar nan ke ci. Sau da yawa kafin a gama, bijimai biyu uku sun tafi a kuɗin mota da na lauya, shanun da ake rigima a kansu kuma suna can hannun makiyayi ba mai leƙa su.

Kada a manta kuma da irin garin da muke ciki. Kaele gari ne na Mundang da Tufuri da Giziga da Fulani da Hausawa, an yi auratayya, gida ɗaya sai ka tarar da musulmi da kirista, da mai allo da mai digiri. Ba za ka iya rantsuwa cewa duk zuriyarka za su yarda da rabon malam bayan ba ka nan ba.

Ƙasashen musulmi da dama sun zauna a kan matsalar jika maraya. Masar ce ta fara, a dokar wasiyya ta 1946, inda ta ce in kaka bai yi wa irin waɗannan jikoki wasiyya ba, doka za ta ɗauka kamar ya yi, a ba su abin da ubansu zai samu, amma kada ya wuce sulusi. Suna kiran wannan wasiyya wajiba, sun kuma jingina ta ga fahimtar Ibn Hazm na Andalus. Siriya ta bi a 1953, Tunisiya da Maroko, waɗanda 'yan Malikiyya ne kamarmu, su ma suka bi, Aljeriya ta sa shi a dokar iyali ta 1984 da sunan "tanzil", wato saukar da jika a matsayin ubansa. Pakistan ce ta zarce kowa: a dokarta ta 1961 ta ba jikoki cikakken kason ubansu ba tare da iyakar sulusi ba, har ma kalmomin nan biyu na Latin suna cikin dokar. Malamai da yawa ba su yarda ba, kotun shari'ar musulunci ta tarayyar ƙasar ta yanke a shekarar 2000 cewa sashen ya saɓa wa shari'a, aka ɗaukaka ƙara. Mu a nan ba mu da dokar wasiyya wajiba. In kaka bai yi da bakinsa ba, malam ba shi da ikon cire wa jika ko kofato.

Saboda haka magana ta dawo kan kaka, tun yana da rai da lafiya. Shari'a ta ba shi sulusin dukiyarsa ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba, jikan da aka kange kuwa ba magaji ba ne, don haka wasiyya gare shi ta halatta. Mu koma kan shanu 60 ɗin nan. In dattijo ya yi wa jikoki huɗu wasiyya da sulusi, sun sami 20, 'ya'ya biyu su raba 40, kowa 20. Ka ga an iso daidai inda rabon tushe ya iso, ba lauya, ba zuwa Marwa, ba a kuma taka shari'a ba. Ba kullum lissafin ke haɗuwa haka ba. In 'ya'ya biyu ne kawai, ɗaya ya rasu, rabon tushe zai ba jikoki 30, wasiyya kuwa ba za ta wuce 20 ba sai in magaji ya yarda da ƙarin. In 'ya'ya biyar ne, kason marigayi 12 ne, sulusi ya ishe shi har da saura.

Shawararmu ita ce a faɗi wasiyya da kaso, kada a faɗe ta da adadi. Wanda ya ce "na ba jikokina shanu ashirin" yana da sittin, bai san nawa za su rage ranar mutuwarsa ba. Dattawanmu sun ga annobar bushiya, wadda Fulani ke kira pettu, a 1983, sun ga yadda garke ke ƙarewa cikin makonni. An kawar da wannan cuta daga duniya, amma fari da ɓarayin shanu da kuɗin fansa suna nan. In garke ya dawo talatin, ashirin ta wuce sulusi, rigima ta tashi. A ce "sulusin abin da na bari", ko "kwatankwacin abin da ubansu zai samu". A sa shaidu biyu adilai, a rubuta. Kuma tun da babbar kotu ba ta karɓar wasiyyar baki, mai hali ya je wurin "notaire" a Marwa ko Garwa a rubuta masa ta yadda doka ta tanada. Kuɗin bai kai na shari'a ba.

Hanya ta biyu ita ce kyauta. Mutum na da ikon ba jikansa karsana ko goma yana raye, kamar yadda Fulani suka saba ba jariri saniya ranar suna. Amma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓa. In ka ce "jar saniyar nan ta wane ce" amma tana cikin garkenka, kai ke sayar da 'ya'yanta, har ka mutu ba ta fita hannunka ba, magada na iya cewa kyautar ta ɓaci, kuma malam zai ba su gaskiya. A fitar da ita a gaban shaidu, a danƙa wa wanda ke riƙon yaran, a canza mata alama. Kyautar da aka yi a kan ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi.

Akwai abu na uku, wanda a ganinmu shi ne ainihin ciwon da ke cikin sana'armu, kuma shi aka fi yin shiru a kai. Da yawa daga cikinmu babban ɗa shi ne ƙashin bayan garke. Shi ke zuwa Bogo da Mulfudai da Dumru, shi ke tsallakawa Cadi ya sayo, shi ke bin mota zuwa kudu, shekara ashirin yana juya kuɗi, yana sayen nasa yana zubawa cikin na tsoho, don kunya ba ta barin ɗa ya ce wa ubansa "wannan tawa ce". Ran da ya faɗi ya mutu, ba wanda ya ware nasa. Aka yi addu'ar bakwai, aka watse, shanu suka ci gaba da amsa sunan Alhaji. To wannan kuskure ne babba, kuma ba ruwansa da Latin. Abin da ɗan ya mallaka gadonsa ne, a ranar ya kamata a raba. In yana da shanu 24 ya bar uba da uwa da mata da 'ya'ya maza, uba na da sudusi, huɗu, uwa huɗu, mata tumuni, uku, sauran 13 na yaran ne. Waɗannan 13, da duk abin da suka haifa daga baya, dukiyar marayu ce da ke zaune a garken kaka. In tsoho ya rasu aka haɗa da su aka raba wa baffanni, an ci dukiyar maraya, wadda Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kanta a farkon Suratun Nisa'i. A cikin surar nan kuma, aya ta 8, an yi umarni da a ba dangi da marayu da miskinai wani abu in sun halarci rabo, a kuma gaya musu magana mai daɗi.

Da muka zauna da ɗan'uwanmu mai takarda, wannan tambayar muka fara yi masa: shin wanku ba shi da nasa a cikin garken? Ya yi shiru, can ya ce akwai, kowa ma ya sani, makiyayinsu na iya nuna su ɗaya bayan ɗaya. Muka ce to daga nan za a fara. An sa rana, za a kira malamin da ya yi rabon farko, da makiyayin, da dillalai biyu da suka yi hulɗa da marigayi, da shi yaron da ya je wurin lauya, a ware na ubansu tukuna, sannan baffanni su faɗi abin da za su iya ƙarawa daga nasu. Yaron ya yarda zai dakatar da maganar kotu har a yi wannan zama.

Duk ɗan ƙungiyar da ke da shanun ɗansa ko na ƙaninsa a cikin garkensa, ya samu magatakarda ranar kasuwa, a rubuta adadinsu da kamanninsu da alamarsu a littafin ƙungiya, shi da mai shanun da shaidu biyu su sa hannu. Wanda ba ya boko a rubuta masa da ajami. Ba a biyan ko dala.